Iyakar da Mishan Ta Shata Mana da Addu'ar da Ta Ƙetare Ta

'Yan'uwa mazauna birane, yawancin 'ya'yanmu suna zaton gardamar koyarwa ce ta raba ɗarikokinmu. A Arewa ba haka abin ya faro ba. Taswira ce ta raba mu.

Ma'aikatan SIM sun sauka Legas a 1893, na SUM kuma suka yada zango a Wase a 1904 ƙarƙashin Dokta Karl Kumm. A 1910 wakilan mishan suka taru a Lokoja, suka amince kada wani ya shiga gonar wani. Ta haka wanda aka haifa a wannan hayin rafi ya tashi ɗan SIM, ɗan'uwansa na wancan hayi ya tashi ɗan SUM, ba wanda aka nemi ra'ayinsa. Da lokacin miƙa ragama ya yi, ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, TEKAS, wadda yau ake kira TEKAN, ta biyo baya a 1955. Iyakar Turawa ta zama gadonmu.

Abin da ya hana katangar yin tsawo shi ne harshen addu'a. Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, mutumin Bajju da na Berom da na Bachama suka iya cewa amin ga roƙon juna. Sai Sabon Rai Don Kowa, wanda ya kankama wajen 1964. Ba da wa'azin kasuwa aka fara shi ba, da ƙananan ƙungiyoyin addu'a aka fara, a cikin gidaje, kafin kowa ya fita shaida. Iyayenmu mata ne suka riƙe waɗannan tarurruka, kuma ba mu taɓa jin sun tambayi maƙwabciya wace majami'a take sujada kafin su durƙusa tare ba. A ganinmu, nan ne aka fi kusantar addu'ar Ubangiji Yesu ta Yohanna sura 17.

Amma 'yan Katolika suna gefe a lokacin. Sai a 1976, bayan taron da gwamnatin soja ta kira a Barikin Dodan, aka kafa CAN. Wannan haɗuwa ce ta kare kai, kuma irinta takan yi sanyi da zarar ƙura ta lafa.

Yau a rassan ƙungiyarmu na birane, inda sababbin majami'u suka yawaita, akan ɓata lokaci kan limamin da zai buɗe taro da addu'a. Wasu rassan har jadawali suka tsara, ɗarika bayan ɗarika.