Nazari kan Lalacewa da Sauya Bushin Ƙafar Baya a Tsofaffin Motoci: Misalin Mercedes 190 a Fadaman Mada, Bauchi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dalilan da ke sa robobin ƙafar baya, waɗanda kanikawa ke kira bushin, suke saurin mutuwa bayan an sauya su a tsofaffin motoci. An ɗauki Mercedes 190 a matsayin misali, aka auna ƙirar ƙafarta da ɗabi'ar roba da yanayin unguwar Fadaman Mada a birnin Bauchi. Nazarin ya nuna cewa zafi da ramukan hanya suna da nasu kaso, amma babban abin da ke yanke wa bushin kwana shi ne irin robar da aka zaɓa da kuma matsayin da mota take a lokacin da aka ɗaure notinsa.

Muhimman kalmomi: bushin, ƙafar baya, roba, kanikanci, Bauchi

1.0 Gabatarwa

Kamfanin Mercedes-Benz ya ƙera samfurin 190, mai lambar ƙira W201, daga 1982 zuwa 1993, kuma adadin da aka fitar ya haura miliyan 1.8. A wannan mota ce kamfanin ya fara amfani da ƙafar baya mai hannaye biyar a kowace taya, ƙirar da daga baya aka ɗora a kan W124, wadda aka fi sani da V-boot a Nijeriya. Akwai kuma samfurin tsere, 190E 2.3-16, wanda a watan Agustan 1983 ya yi tafiyar kilomita 50,000 a filin gwaji na Nardo da ke Italiya bisa matsakaicin gudun da ya kusa kilomita 248 a awa.  Tsarin hannayen ƙafar baya ɗaya ne a na tseren da na gida, sai dai na tseren an ƙara masa tauri da na'urar daidaita tsayi.

Yawancin motocin 190 da suka shigo Nijeriya tokumbo ne, kuma har yau ana ganin su a titunan Bauchi. Ko wadda aka ƙera a shekarar ƙarshe ta wuce shekara 30. Injinta kan jure, amma robar ƙafarta ba ta da wannan ƙarko, shi ya sa masu irin waɗannan motoci suke yawan komawa wurin masu gyaran ƙafa da koke iri ɗaya: an sa sabon bushin, ba a daɗe ba ƙara ta dawo.

2.0 Hanyar Nazari

An bi matakai uku. Na farko, an fayyace aikin bushin a cikin ƙirar W201. Na biyu, an duba abin da ilimin sinadarai ya tabbatar game da tsufan roba, haɗe da ƙa'idar ajiyar kayan roba ta ISO 2230. Na uku, an gwada waɗannan da yanayin Bauchi da hanyoyin gyara da aka saba bi a garejin bakin titi.

3.0 Yadda Bushin Yake Aiki

Bushin na asali bututun ƙarfe biyu ne, ƙarami a cikin babba, da roba a tsakaninsu wadda aka manne ko aka matse ta sosai tun daga masana'anta. Babban bututun yana zama daram a idon hannu, ƙaramin kuwa noti ne ke damƙe shi a jikin firam. Idan taya ta hau ko ta sauka, babu abin da ke zamewa a ciki. Robar ce ke murɗewa, sannan ta koma yadda take, kamar igiyar da aka murɗa aka saki. Kenan bushin yana da matsayi guda da yake hutawa, kuma an ƙera shi ya murɗe gwargwado zuwa kowane ɓangare daga wannan matsayi.

A W201 hannayen nan biyar su ne ke riƙe da karkatar taya da inda take fuskanta. Ƙaramin firam ɗin da ke ɗauke da su shi ma yana zaune ne a kan robobi huɗu. Saboda yawan mahaɗan nan, ɗan sakin da ba a bakin komai yake ba a bushin ɗaya yakan taru ya zama babban lahani. Alamominsa su ne ƙara idan an faɗa rami, bayan mota ya riƙa lilo idan an taka mai ko an saki, da cinyewar gefen taya na ciki.

4.0 Sakamakon Nazari

4.1 Tasirin yanayi

Robar bushin galibi robar itace ce da aka dafa da farar wuta, hanyar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844. Iskar oksijin da ozon suna kai wa ƙwayoyinta hari a hankali, sai ta bushe ta tsattsage. A ƙa'idar da masana sinadarai ke aiki da ita, ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusa ninka saurin irin wannan lalacewa. A Bauchi zafin Maris da Afrilu yakan kusanci digiri 40, ga kuma hucin kwalta da na salansa da ke bi ta kusa da ƙafar baya. Da damina ruwa yana zaizaye layukan cikin unguwa marasa kwalta, irin waɗanda mazauna Fadaman Mada ke bi kafin su hau babban titi, sai hannayen ƙafa su riƙa kaiwa ƙarshen motsinsu. Da hunturu ƙura tana shiga tsagar roba tana goge ta. Man da ke ɗiga daga akwatin aksul kuwa yana kumbura robar itace har ta yi laushi.

4.2 Zaɓin kaya

Mai mota yana da zaɓi huɗu. Na farko shi ne hannun Beljiyam da aka ciro daga wata motar, wanda ake samu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas. Ƙarfensa nagari ne, amma idan robar ta asali ce, shekarunta ɗaya da wadda aka cire. ISO 2230 ta ba robar itace wa'adin ajiya na farko na shekara 5 ne kawai, a wuri mai inuwa da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. Na biyu shi ne bushin da ake yankawa daga tsohuwar taya. Yana da araha kuma yana kashe ƙara na ɗan lokaci, amma ba a manne yake da bututu ba, don haka gogayya yake yi maimakon murɗewa, har ya faɗaɗa idon hannun. Na uku shi ne na foliyuretan, wanda masu son gudu ke so saboda taurinsa. Yana jure mai, amma yana buƙatar girisinsa na musamman, kuma a hanya mai ramuka yana miƙa duka kai tsaye ga firam. Na huɗu shi ne sabon hannu ɗungum mai bushin irin na asali, wanda shi ya fi dacewa da ƙirar, muddin ba jabu ba ne kuma bai shekara da shekaru a rumfar kwano ba.

4.3 Yadda ake ɗaurawa

A nan ne aka fi yin asara. A garejin da babu rami, mota tana kan jak ake kammala aiki, tayoyi na reto. Idan aka ɗaure noti a haka, an kulle ƙaramin bututun a matsayin da ƙafa ta sauka iya saukarta. Da zarar an sauke motar, robar za ta murɗe ta zauna a murɗe ko da mota na tsaye, kuma duk ramin da aka faɗa ƙari ne a kan wannan murɗa. Komai ingancin bushin, haka zai yage da wuri. Ƙa'idar ita ce a sa notin sako-sako, a sauke mota a kan tayoyinta ko a ɗaga ƙafar da jak har sandar aksul ta miƙe daidai, sannan a ɗaure da sifana mai awon ƙarfi.

Wasu kurakurai uku suna biye. Buga bushin da guduma yana lanƙwasa bututunsa, alhali injin matsawa ko dogon noti da washa mai kauri sun wadatar. Shafa baƙin mai don ya shige da sauƙi yana fara cin robar tun ranar farko; ruwan sabulu ya fi. Sai barin alaimen: tunda da notin saiti ake daidaita inda tayar baya ke fuskanta, duk wanda ya kwance hannun dole ya kai motar a sake saita ta.

5.0 Kammalawa da Shawarwari

Ba wanda zai rage zafin Afrilu a Bauchi, amma zaɓin roba da ɗaure noti a daidai tsayin mota suna hannun bakanike, kuma na biyun ba ya cin ko kobo. Ana ba da shawarar a riƙa sauya hagu da dama tare, a toshe ɗigar mai kafin a sa sabuwar roba, a kuma guji bushin taya a ƙafa mai hannaye da yawa. Sashen injiniyan kanikanci na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi za su iya auna tauri da ƙarkon robobin da ake sayarwa a gari. Ya kamata kuma ƙungiyar kanikawa ta NATA ta haɗa kai da hukumar ƙira da bunƙasa motoci ta ƙasa, NADDC, wajen koya wa yaran gareji wannan ƙa'ida da Hausa, a kan motar da suke gyarawa.