Gidan Ɗan Hausa: Tubalin da ya Haura Shekara Ɗari

A unguwar Nasarawa ta birnin Kano akwai wani gidan ƙasa da ya haura shekara ɗari a tsaye. Ya samu sunansa daga Hanns Vischer, haifaffen birnin Basel na ƙasar Suwis a 1876, wanda ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Borno a 1906, ya biyo ta Bilma. Ƙwarewarsa a harshe ce ta sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa. A 1909 ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, a wannan gida kuma ya zauna da matarsa Isabelle.

A Ingila, wadda ya yi wa aiki, gidajen da aka gina zamanin sarakuna masu suna Joji, daga 1714 zuwa 1830, na gasasshen bulo ne, ƙofa a tsakiya, tagogi a jere dama da hagu daidai wa daida. Vischer kuwa ya rungumi hikimar maginan Kano. Katangar gidan ta tubali ce, mai kaurin da ke tare zafin rana. Rufin na azara ne, wato tsagin giginya da gara ba ta cika ci ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi a faffaɗan ɗaki, sai magina suka ɗaura bakan gizo ya tallabe rufin. Zankwaye sun ƙawata saman ginin, indararo na fitar da ruwa nesa da bango.

Yau gidan ya zama wurin adana kayan tarihi ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Sai dai bulon Ingila kan yi shekaru ba a taɓa shi ba, ginin ƙasa kuwa kowace damina sai ta karɓi rabonta. Idan ba a sabunta yaɓe da makuba ba, takardar hukuma ba ta hana bango zubewa.

Wannan darasi ya shafi Arewa. Giginya na nan a Dallol Mawri, ɗorawar makuba ba ta ƙare ba, amma a Dogondutsi da Tibiri siminti da kwano sun karɓe kasuwa. Ranar da maginin ƙarshe da ya iya ɗaurin bakan gizo ya kwanta dama ba almajiri, tsoffin soraye sun zama marayu.