Heckler & Koch: Tarihin kamfanin Jamus da ya ƙera G3 da MP5

Mai bibiyar labaran tsaro a Najeriya ya saba jin sunan G3 a jerin makaman da jami'an tsaro ke ƙwatowa daga hannun 'yan bindiga, galibi a bayan sunan AK-47. Kamfanin da ya fito da wannan doguwar bindiga shi ne Heckler & Koch, wanda ake taƙaita sunansa da HK. Mazauninsa na Oberndorf, wani ɗan ƙaramin gari a gaɓar kogin Neckar da ke jihar Baden-Württemberg, a kudu maso yammacin Jamus. A duniyar masu ƙera makamai an san shi da ƙarfin halin gwada abin da wasu ba su gwada ba. Wannan hali ya jawo masa suna da dukiya, sau ɗaya kuma ya kusa durƙusar da shi.

Oberndorf gari ne na maƙeran bindiga tun 1811, lokacin da masarautar Württemberg ta kafa masana'antar makamai a can. Daga baya wurin ya koma hannun kamfanin Mauser, wanda ya ƙera bindigogin da sojojin Jamus suka yi yaƙin duniya biyu da su. Da Jamus ta sha kaye a 1945, Faransawa da suka mamaye yankin suka kwance injinan masana'antar suka kwashe. A cikin wannan kango ne tsofaffin ma'aikatan Mauser uku, Edmund Heckler da Theodor Koch da Alex Seidel, suka yi rajistar kamfaninsu a watan Disamba na 1949. A lokacin an haramta wa Jamusawa ƙera makamai, don haka suka fara da sassan keken ɗinki da na keken hawa da kayan awo na masana'antu. Sunan Seidel bai shiga sunan kamfanin ba, duk da cewa da shi aka aza tubali.

Ƙofa ta buɗe musu ne bayan Jamus ta Yamma ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 1955, ta kuma kafa sabuwar rundunar soja. Da farko rundunar ta sayi bindigar FAL daga kamfanin FN na Beljiyam, amma da Jamusawa suka nemi lasisin ƙera ta a gida sai aka hana su. Ba abin mamaki ba ne, domin sau biyu Jamus ta mamaye Beljiyam cikin shekara talatin. Sai suka juya ga Sifaniya, inda wasu injiniyoyin Jamus, ciki har da Ludwig Vorgrimler, tsohon ma'aikacin Mauser, suka ƙera bindigar CETME bisa wata dabara da aka faro a Oberndorf a ƙarshen yaƙi. HK ya gyara ta, rundunar ta karɓe ta a 1959 da sunan G3.

Dabarar ta cancanci bayani, domin a kanta kamfanin ya gina kusan duk abin da ya ƙera na tsawon shekara ashirin. Idan aka harba bindiga, ƙarfin fashewar albarushi yana tura harsashi gaba, yana kuma tura kwanson baya. Dole ƙarfen da ya toshe bayan bututun ya tsaya a rufe har harsashin ya fita, in ba haka ba kwanson ya fashe a fuskar mai harbi. AK-47 da ire-irenta suna ɗibar hayaƙi ta wata 'yar huda a jikin bututun, shi ke tura sandar da ke buɗe makullin. G3 ba ta da wannan sanda. Wasu ƙananan ƙarafa biyu masu kama da taya ne ke maƙalewa a gefe da gefe, su jinkirta buɗewar na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Sassan bindigar sun ragu ke nan, gangar jikinta kuma da farantin ƙarfe ake matse ta, abin da ya sa ƙera ta bai da tsada. Tana da aibinta: nauyinta ya haura kilo 4, kuma harsashinta mai girman milimita 7.62 yana sa ta harbin kafaɗa sosai. Kwanson da ta tofar yana fita da zane-zanen baƙaƙen layuka a jikinsa, alamar da masu bincike ke gane ta da ita.

An ƙera miliyoyin G3, kuma ba duka a Jamus ba. Gwamnatin Jamus ta Yamma, wadda ke riƙe da haƙƙin ƙirar, ta ba ƙasashe fiye da goma lasisi, cikinsu har da Fotugal da Turkiyya da Girka da Pakistan da Iran da Saudiyya. A Najeriya ma an haɗa ta a kamfanin ƙera makamai na DICON da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus. Lasisin nan shi ne tushen sukar da ake yi wa kamfanin har yau. Da zarar an kafa wa ƙasa masana'anta, babu mai iya hana ta sayarwa inda ta ga dama. Iran misali ce: a zamanin Shah aka ba ta lasisi, bayan juyin juya halin 1979 kuma injinan ba su daina aiki ba. Sojojin Fotugal da G3 suka yi yaƙe-yaƙen mulkin mallaka a Angola da Mozambik da Gini Bissau.

Ƙanwar G3, wato MP5, ta fi yayarta fice a idon jama'a. Gajeriya ce mai cin harsashin fistol na milimita 9, kuma 'yan sandan Jamus sun fara riƙe ta a 1966. Sunanta ya bazu ne a ranar 5 ga Mayu, 1980, lokacin da duniya ta kalli zaratan sojojin Birtaniya na SAS a talabijin suna kutsawa ofishin jakadancin Iran da ke Landan don kuɓutar da waɗanda aka yi garkuwa da su, kowanne rungume da ita. Daga nan rundunonin musamman na ƙasashe da dama suka yi ta rububinta. Abin ban takaici ga kamfanin, hotonta ne kuma a jikin tambarin ƙungiyar 'yan ta'adda ta Red Army Faction, wadda ta addabi Jamus ta Yamma a shekarun 1970.

A fagen fistol, mutane da yawa sun ɗauka kamfanin Glock na Austiriya ne ya fara yin gangar jiki da roba mai tauri. HK ya riga shi da shekara 12, da VP70 da ya fitar a 1970. Ba ta yi kasuwa ba, musamman saboda taurin kunamarta, sai Glock ya zo ya ci ribar dabarar. P7 da ta biyo baya ba ta tashi sai an damƙe mariƙinta da kyau, da an sake ta kuma ta kulle kanta.

Babbar cacar da kamfanin ya yi ita ce G11. Tare da kamfanin Dynamit Nobel, an shafe kusan shekara ashirin ana neman bindigar da harsashinta ba shi da kwanso ko kaɗan: albarushin ne ake daskarar da shi ya zama dunƙule, a dasa harsashin a cikinsa. Soja zai ɗauki harsashi mai yawa ba tare da ƙarin nauyi ba, bindigar kuma tana sakin uku a jere da saurin da ya kai kimanin 2,000 a minti, kafin kafaɗa ta ji bugun na farko. An kammala ta, ana dab da fara saye, sai katangar Balin ta faɗi. Haɗewar Jamus a 1990 ta cinye kuɗin gwamnati, abokin gabar da ake shiri dominsa kuma ya watse. Aka soke kwangilar. Bashi ya yi wa HK katutu, a 1991 kamfanin Royal Ordnance na Birtaniya ya saye shi. Sai a 2002 ya koma hannun 'yan kasuwa masu zaman kansu.

Wadda ta gaji G3 a rundunar Jamus a 1997 ita ce G36, mai sauƙin nauyi, mafi yawan jikinta roba, tana cin harsashin milimita 5.56. Ita ta jefa kamfanin cikin rigima biyu. Ta farko, rahotannin da suka biyo bayan yaƙin Afganistan sun ce saitinta yana kaucewa idan ta yi zafi. A watan Afrilu na 2015 ministar tsaro ta lokacin, Ursula von der Leyen, ta bayyana cewa bindigar ba ta da makoma a rundunar. Kamfanin ya garzaya kotu, a 2016 kuma kotun Koblenz ta ba shi gaskiya, ta ce ya kawo abin da aka rubuta a kwangila. Wato gwamnati ta yi odar bindigar da ta dace da Turai, ta kai ta yaƙi a ƙasa mai zafi.

Rigima ta biyu ta fi muni. Tsakanin 2006 da 2009 an sayar wa Meziko dubban G36, wasunsu suka ƙare a jihohin da hukumomin Jamus suka cire daga izinin fitarwa saboda take haƙƙin ɗan Adam, ciki har da Guerrero. A can ne ɗalibai 43 suka ɓace a garin Iguala a 2014, aka kuma samu irin waɗannan bindigogi a ma'ajiyar 'yan sandan garin. Mai fafutukar yaƙi da cinikin makamai, Jürgen Grässlin, shi ya fara shigar da ƙorafi tun 2010. A watan Fabrairu na 2019 kotun Stuttgart ta umurci a ƙwace Yuro miliyan 3.7 daga kamfanin, ta kuma yanke wa tsofaffin ma'aikatansa biyu hukuncin ɗaurin talala. Tun 2016 kamfanin ya sanar cewa zai taƙaita sabon cinikinsa ga ƙasashen NATO da Tarayyar Turai da makamantansu, matakin da masu suka ke ganin ya zo a makare.

A yau abin da ke riƙe da kasuwarsa shi ne HK416. Ba sabuwar ƙira ba ce: M4 ta Amurka aka ɗauka, aka sa mata tsarin tura hayaƙi na G36 don ta rage datti da cijewa. Rahotanni da dama sun ce da ita sojojin Amurka suka kashe Usama bin Laden a Abbottabad a 2011. Norway ta mayar da ita bindigar sojojinta, Faransa ta zaɓe ta a 2016 ta maye gurbin FAMAS, rundunar Jamus ma wani samfurinta ta ɗauka da sunan G95A1 don ya gaji G36, bayan an kori kamfanin Haenel, wanda da farko ya ci kwangilar a 2020, saboda taƙaddamar haƙƙin mallakar fasaha.