TEKUN DA YA TAƁA RUFE ƘASAR SAKKWATO

Gabatarwa

Galibi masu nazarin tarihin ƙasar Hausa da shaidu iri biyu suke dogara, watau rubuce-rubucen malamai da kuma labaran baka waɗanda aka gada kaka da kakanni. Dukansu biyu ba su wuce 'yan ɗaruruwan shekaru ba. Manufar wannan lacca ita ce ta jawo hankali ga shaida ta uku, wadda ta girmi waɗancan nesa ba kusa ba, watau laka da rairayi da farar ƙasa waɗanda suka kwanta bisa juna a ƙarƙashin Sakkwato, da Kabi, da Adar. Waɗannan duwatsu sun nuna cewa teku ya taɓa rufe wannan ƙasa, ya janye, ya sake dawowa, sa'an nan ya tafi ke nan.

Asalin wannan tunani

Tunanin cewa tudu na iya zama tsohon gindin teku ya daɗe a cikin littattafan malaman Musulunci. Albiruni, a littafinsa na ƙasar Hindu wanda ya rubuta wajen shekara ta 1030, ya lura da cewa duwatsun da ake haƙowa a filayen ƙasar manya ne kusa da tsaunuka, suna ta ƙanƙancewa har su zama rairayi kusa da bakin teku, saboda haka ya ce da wuya in ba teku ba ne dā, koguna suka cike shi. Ibn Sina ma ya yi magana a kan yadda duwatsu ke kwanciya hawa-hawa. A Turai kuwa, Nicolas Steno ne ya tsara ƙa'idar a 1669, cewa shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi wadda ke bisanta, muddin wani abu bai birkita su ba.

A ƙasar Sakkwato, binciken ya soma ne da zuwan Turawa. John Falconer ya buga littafinsa a kan duwatsun Nijeriya ta Arewa a 1911, aka kuma kafa hukumar binciken duwatsu ta Nijeriya a 1919. Ma'aikatanta ruwa da ma'adinai suke nema, amma suka yi ta cin karo da ƙasusuwan da suka zama dutse. Daga baya masanan ƙasa suka karɓi aikin, musamman Cornelius Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya bi shimfiɗun ɗaya bayan ɗaya, da Sunday Petters, wanda ya yi nazarin ƙananan halittun da ke cikinsu.

Yadda shimfiɗun suka jeru

Abin da ake kira kwarin Sakkwato gefen kudu maso gabas ne kawai na wani makeken kwari wanda ya haɗa sassan Nijar, da Mali, da Nijeriya, da Binin, ana kiransa da sunan Buzayen Iwillimmidan. Shimfiɗunsa sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma, don haka matafiyin da ya taso daga wajen Gusau ya nufi Sakkwato, yana tafe ne daga tsofaffin duwatsu zuwa sababbi. Kowace shimfiɗa an raɗa mata sunan garin da ta fi bayyana.

Ta can ƙasa ita ce ta Gundumi da ta Illo, tsakuwa ce da rairayi masu kaushi, da kututturan itatuwa waɗanda suka zama dutse. Ruwa mai ƙarfi ne kaɗai ke iya ɗaukar tsakuwa, itace kuwa a tudu yake tsirowa, saboda haka wannan zamanin koguna ne. A irin waɗannan duwatsu ne aka haƙo ƙasusuwan manyan dabbobin nan na dainoso a Gadufawa ta ƙasar Nijar.

Bisansu akwai shimfiɗu uku, Taloka da Dukamaje da Wurno, masu wajen shekara miliyan 70. Ta Taloka rairayi ne mai laushi da laka falle-falle, irin abin da ke kwanciya a gaɓar da ruwan teku ke hawa yana sauka kullum. Ta Dukamaje laka ce mai duhu da siraran layukan farar ƙasa, kuma a cikinta ne ƙasusuwan suka fi yawa. Ta Wurno ta sake komawa rairayi. Wannan jeri shi ne zuwan teku na farko da janyewarsa.

Sa'an nan sai Dange da Kalambaina da Gamba, masu wajen shekara miliyan 60 ko ƙasa da haka kaɗan. Laka ce a ƙasa, farar ƙasa a tsakiya, laka a sama. Wannan shi ne zuwa na biyu, kuma ya fi na farko faɗi. A ƙarshe shimfiɗar Gwandu ta rufe su duka da rairayi da yumɓu na koguna da tafkuna, tun daga nan kuma teku bai sake dawowa ba.

Ruwan daga arewa ya zo, daga tsohon tekun Tetis wanda Bahar Rum ragowarsa ce, ya biyo ta wata mashiga a wajen Gao. Dalili kuwa, a wancan zamani babu tarin ƙanƙara irin na yau a ƙarshen duniya na kudu da na arewa, gindin manyan tekuna kuma ya kumbura saboda aman wuta, har ruwa ya haura inda yake yanzu da fiye da mita 100, ya malala cikin nahiyoyi.

Abin da halittun suka shaida

A 1930 William Swinton ya bayyana wasu ƙasusuwa daga lardin Sakkwato, ya ce na wani ƙaton ƙadangaren teku ne. Masana daga Jami'ar Fulorens ta Italiya sun samo ƙarin ƙasusuwan, suka ga dabbar ta bambanta da danginta, suka raɗa mata Goronyosaurus a 1972, da sunan Goronyo. A 1975 Beverly Halstead ya bayyana wani kada mai suna Sokotosuchus. Tare da su akwai kunkuru da haƙoran kifaye. Ƙadangarun teku sun ƙare ƙaf shekara miliyan 66 da suka wuce, tare da dainoso, shi ya sa ana samunsu a Dukamaje amma babu su a Dange. Dangin wannan kada kuwa sun tsira, ana samunsu a shimfiɗun da suka biyo baya.

Farar ƙasar Kalambaina ɓawon halittu ce tsantsa: katantanwa, da kawa, da wasu masu ƙaya a jiki kamar bushiya, da ƙananan halittu masu ɓawo waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Irin wannan farar ƙasa ta fi taruwa a ruwa mai ɗumi, marar zurfi, garai-garai, inda koguna ba sa zubo laka. Ƙananan halittun nan su ne suka fi amfani, domin kowane iri yana da zurfi da gishirin da yake so. Inda aka ga iri kaɗan masu jure gishiri, an san ruwan tsare yake kamar fadama. Inda iri suka yawaita, an san teku ne buɗaɗɗe. Binciken da Maureen O'Leary da abokan aikinta suka buga a 2019 a kan ɓangaren Mali ya ƙiyasta zurfin tekun da wajen mita 50, ya kuma bayyana manyan macizan ruwa da kifaye da suka zauna cikinsa.

Sai dai karatun dutse yana son hattara. Alal misali, a cikin lakar Dukamaje da ta Dange akwai wani farin ma'adini mai ƙyalli, jibsam, wanda yakan taru inda rana ta ƙafar da ruwan gishiri. Mai gaggawa zai ce shaidar fari ce. Amma jibsam yana iya haɗuwa daga baya, in iska da ruwan sama suka taɓa wasu ma'adinan cikin lakar. Saboda haka masana ba sa yanke hukunci da shaida guda, sai sun ga ma'adini da halitta da tsarin kwanciyar laka sun yi daidai. Har ila yau, nahiyar Afirka kanta ta gusa arewa tun wancan lokaci, Sakkwato ta dā ta fi ta yau kusa da tsakiyar duniya.

Amfanin wannan sani

Ma'aikacin gwamnati yana iya tambaya, ina ruwan talaka da tekun da ya ƙafe tun kafin a yi ɗan Adam? Amsar tana cikin ginin da yake zaune da ruwan da yake sha. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda ya soma aiki a 1967, ɓawon halittun tekun nan yake ƙonawa, haka ma na Malbaza a Nijar. Fosfat ɗin takin zamani da ake samu a wajen Dange da Tawa daga gindin tekun ya fito. Mafi muhimmanci shi ne ruwa. Rairayin Gwandu da na Taloka suna riƙe ruwa, lakar da ke tsakani tana tsare shi, shi ya sa a wasu wurare na kwarin Rima rijiyar burtsatse takan tumbatso da kanta. Wanda bai san jerin shimfiɗun ba zai haƙa inda babu, ya ɓarnatar da kuɗin jama'a. Gwaje-gwaje kuma sun nuna cewa ruwan da ke can ƙasa a shimfiɗar Gwandu ya yi dubban shekaru a kwance, damina ɗaya ba ta mayar da abin da aka zuƙe, ga shi kuma ƙasashe maƙwabta daga wannan rumbu suke sha.

Kammalawa

Duwatsun Sakkwato sun nuna cewa yanayin ƙasa ba a tsaye yake ba, sun kuma nuna irin duniyar da ake samu in zafi ya yi yawa har ƙanƙara ta narke. Waɗancan canje-canje sun ɗauki miliyoyin shekaru, ɗumamar da ake gani yau kuwa cikin ƙarni biyu ta taso. Nauyi biyu ne ke kan ɗalibai da hukumomi. Na farko, a horar da masu karanta waɗannan shimfiɗu daga cikin 'ya'yan ƙasa. Na biyu, duk inda ake fasa dutse ko haƙa rijiya a rubuta abin da aka tarar, a kuma adana ƙasusuwan a gidajen tarihi na gida, domin abin da ya shiga murhun siminti ba mai sake ganinsa.