Rikicin Siket da Turbo a Tseren Motoci na Formula 1

Tsakanin 1980 da 1982 tseren motoci na Formula 1, watau na motocin nan masu kujera ɗaya waɗanda tayoyinsu ke waje, ya kusa darewa gida biyu. A zahiri gardamar a kan wani ɗan faifai ce da ake maƙalawa a gefen mota. Amma abin da ke ƙarƙashinta shi ne wa zai riƙe ragamar tseren, kuma aljihun wa kuɗinsa za su shiga.

Masu ƙera motocin tsere a lokacin kashi biyu ne. Akwai manyan kamfanoni masu yin injinsu da kansu, Ferrari da Alfa Romeo na Italiya da Renault na Faransa. Akwai kuma ƙananan ƙungiyoyi, galibi na Ingila, kamar Lotus da Brabham da Williams da McLaren, waɗanda ke sayen injin Cosworth su gina mota a kansa. Enzo Ferrari, don raini, 'yan gareji yake kiransu. To, 'yan garejin nan su ne suka fi cin tsere tun daga 1968.

A shekarar 1977 kowane ɓangare ya fito da makaminsa. Tun 1966 doka ta yarda da inji mai lita 3, ko kuwa mai lita 1.5 in an haɗa shi da na'urar cusa iska. Ba wanda ya kula da zaɓi na biyun sai da Renault ya zo Silverstone da turbo, na'urar da hayaƙin salansa ke juyawa tana hura iska cikin inji kamar zugazugin maƙeri. Da fari motar takan lalace ta tsaya tana tuƙuƙi, har 'yan Ingila suka laƙaba mata butar shayi. Dariyar ta ragu a 1979, da Jean-Pierre Jabouille ya ci tseren Faransa a Dijon.

Colin Chapman na Lotus kuwa ƙarƙashin mota ya duba. Aka siffanta cikinta kamar fiffiken jirgin sama da aka kife, aka sa faifai a gefe biyu suna jan ƙasa don kada iska ta kutsa. Faifan nan su ake kira siket. Sai motar ta manne wa kwalta kamar yadda ƙahon wanzami ke kama baya, ta sha kwana da gudun da ba a taɓa gani ba. Mario Andretti ya zama zakaran duniya da ita a 1978, sauran kuma suka kwaikwaya. Dabara ce mai arha in an gwada da turbo, wanda sai mai ƙarfin aljihu.

Saboda haka, da Jean-Marie Balestre, Bafaranshen da ke shugabantar hukumar tseren, FISA, ya ce za a haramta siket mai zamewa daga 1981, 'yan gareji suka ce an yi ne don a ba manyan kamfanoni. Balestre ya ce batun tsare rayuka ne, kuma yana da hujja, domin in siket ya karye a tsakiyar kwana motar takan kuɓuce wa direba nan take. Su ma suna da tasu, tun da dokar su kaɗai za ta karya wa ƙafa. Ƙungiyarsu, FOCA, tana hannun Bernie Ecclestone, mai Brabham, da lauya Max Mosley.

Aka fara gwada ƙwanji a Sifen cikin Yuni 1980, a kan tarar da FISA ta ci wasu direbobi. Renault da Ferrari da Alfa Romeo suka janye, Alan Jones ya ci, FISA ta soke sakamakon. A Fabrairu 1981 FOCA ta shirya nata tsere a Kyalami, Afirka ta Kudu, ba tare da manyan ba. Nan kowa ya ga iyakarsa: tsere ba Ferrari ba ya jan jama'a, motocin kamfanoni uku kuma ba su cika fili. A watan Maris aka ƙulla Yarjejeniyar Concorde a Paris. FISA ta riƙe ikon kafa doka, FOCA ta sami ikon cinikin nuna tsere a talabijin. Balestre ya ɗauka shi ya yi rinjaye, amma daga wannan ciniki ne Ecclestone ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran Ingila.

Sulhun bai hana wayo ba. Doka ta ce mota ta bar tazarar santimita 6 daga ƙasa. Gordon Murray na Brabham ya ƙera wadda ke durƙusawa in tana gudu, ta miƙe in an zo awo. A 1982 kuma aka sa tankunan ruwa wai don sanyaya birki. Da an tashi sai a zubar da ruwan, mota ta yi gudu ƙasa da kilo 580 da doka ta yanke, a sake cikawa kafin a hau sikeli. Renault da Ferrari suka kai ƙara, aka ƙwace wa Nelson Piquet da Keke Rosberg na ɗaya da na biyu da suka zo a Brazil. Yawancin 'yan FOCA suka ƙaurace wa tseren Imola, mota 14 kaɗai suka tashi.

A 1983 FISA ta tilasta a yi cikin mota shafal, zamanin siket ya wuce. A shekarar ne aka sami zakaran duniya na farko da injin turbo, amma ba Renault ba ne. Piquet ne, cikin Brabham ta Ecclestone, da injin BMW na Jamus, ya wuce Alain Prost na Renault da maki biyu. Williams ya nemi Honda, McLaren ya sa Porsche ya ƙera masa inji da kuɗin kamfanin TAG. Renault ya rufe ƙungiyarsa ta tsere a ƙarshen 1985 bai ɗauki kambin ba, turbo ɗin kuma aka haramta shi daga 1989, sai a 2014 ya dawo.