Yadda ake karanta lambobin matsalar inji a tsofaffin Land Cruiser da Jeep

Fitilar gargaɗin inji, wadda ake rubuta wa CHECK ENGINE ko a zana mata hoton inji, tana kamawa ne idan ƙwaƙwalwar mota ta gano tangarɗa. A lokacin takan adana wata lamba da ke nuna ɓangaren da matsalar take.

Daga 1996 Amurka ta wajabta tsarin bai-ɗaya mai suna OBD-II, mai soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar bincike ta nuna lamba irin P0300. Kafin nan kowane kamfani da tasa hanyar, kuma yawancin motocin shiga daji na wancan zamani da ƙyaftawar fitilar kanta suke bayyana lambobinsu.

Motocin Toyota

A Land Cruiser 80 mai injin fetur 1FZ-FE da takwarorinta Hilux da 4Runner, akwai ɗan akwati a ƙarƙashin bonet da aka rubuta wa DIAGNOSIS. Za a sa giya a firi, a kashe AC da rediyo, a tabbatar batir bai yi ƙasa da bolt 11 ba. Sai a haɗa ramukan TE1 da E1 da guntuwar waya, a murɗa makulli zuwa ON ba tare da tayar da inji ba, kuma kada a taka totur. A kula sosai da sunayen ramukan da ke jikin murfin, domin haɗa waɗanda ba su ba na iya ƙona wani abu.

Idan babu matsala, fitilar za ta riƙa ƙyaftawa da sauri ba tsayawa. Idan akwai, za ta ƙyafta adadin farko, ta dakata daƙiƙa ɗaya da rabi, sannan ta ƙyafta na biyu. Ƙyaftawa biyu, dakatawa, sai ɗaya, ita ce lamba 21. Tsakanin lamba da lamba daƙiƙa biyu da rabi ne, kuma daga ƙarama ake farawa.

Lamba 12 da 13 sun shafi siginar juyawar inji, 14 ta wutar fulogi, 21 sansar salansa, 22 sansar zafin ruwa, 24 sansar zafin iska, 25 ƙarancin mai a cakuɗe, 26 yawansa, 41 kuma sansar totur.

Motocin Jeep

Cherokee da Wrangler na 1991 zuwa 1995 ba su buƙatar waya. Za a murɗa makulli zuwa ON sau uku cikin daƙiƙa 5, a bar shi a nan a karo na uku, sai a ƙirga. Lamba 12 na nufin an cire batir kwanan nan, 55 kuwa alamar ƙarshen jeri ce.

A nan ake yawan kuskure, domin a Jeep 24 ce ta sansar totur, 41 kuma ta shafi cajin altaneta. Jadawalin wani kamfani ba ya fassara motar wani.

Abin da lambar ba ta faɗa

Lamba tana nuna layin da aka samu cikas ne, ba hukuncin cewa kaya ya mutu ba. Lamba 22 na iya fitowa daga tsinkakkiyar waya ko soket da ƙura da tsatsa suka cinye, abin da ya zama ruwan dare ga motar da ta shekara 30 tana bin hanyar burji. Kafin a sayi sabuwar sansa, mai gyaran waya ya fara gwada layin da mita.

Bayan gyara, ana goge lambar Toyota ta hanyar zare fiyus mai suna EFI na aƙalla daƙiƙa 10. Idan ta dawo bayan an yi tafiya, aikin bai kammala ba.

Motocin da ba su da lamba

Injin dizal 1HZ, wanda ya shahara a hanyoyin Sahara irin ta Agadas, famfonsa na ƙarfe ne zalla, haka ma 1FZ-F mai kafireto. Ba su da ƙwaƙwalwar da za ta adana lamba, sai kunne da idon bakanike.

Mai shirin sayen 'yar Kwatano kuwa ya lura da wannan: da zarar an murɗa makulli dole fitilar ta kama, ta mutu bayan inji ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, ko dai ƙwan ya ƙone ko an cire shi don a ɓoye aibu, don haka a bincika kafin a biya kuɗi.