Birnin da Baƙi Suka Gaji Sarautarsa

A watan Oktoba na 2020, da aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli Sarkin Zazzau bayan rasuwar Shehu Idris, zancen da ya cika zaurukan cikin birni shi ne sarauta ta koma gidan Mallawa bayan shekara 100, tun da Turawa suka tuɓe Aliyu Ɗan Sidi a 1920. Kowa na ta lissafin gidaje huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. A cikinsu kuwa babu gidan da ke cewa tushensa nan ne. Malam Musa, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ya ci birnin wajen 1808, Bafulatani ne mai asali daga Malle. Yamusa da ya gaje shi a 1821, zuriyarsa daga Borno ta taso. Abdulkarimu, sarki na uku, daga ƙasar Katsina. Sulluɓawa kuma, da suka hau ta hannun Abdussalami, dangi ne na Fulani da ke warwatse daga Sakkwato har Kano. Duk da haka, je ka gaya wa ɗan ɗaya daga cikin gidajen nan cewa shi ba Bazazzagi ba ne, ka ga yadda za ku kwashe.

Masu garin na dā su ne suka zama baƙi a wani wuri. Sarkin Haɓe Muhammadu Makau ya fice da jama'arsa ya nausa kudu, ƙasar Gwari da Koro, ya sauka a Zuba. Bayan rasuwarsa ƙanensa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi Abuja. Da gwamnatin Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sunan garin nan aka ɗauka, tsohon ya koma Suleja. Har gobe sarkin can Sarkin Zazzau ake ce masa. Wato babban birnin Nijeriya yana amsa sunan ɗan gudun hijira ne daga cikin ganuwar nan tamu.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma a Zariya raɓar zama ta yi. Ni a wajen Ƙofar Kuyambana na tashi, mahaifina kuma maɗinkin babbar riga ne, aska biyu da aska takwas. Zaurensa ba ya rabuwa da almajirai, waɗanda suka zo neman nahawu da lugga, suna kama ɗinki da rana don su sami na abinci. Akwai na Gombe, akwai na Damagaram, akwai waɗanda Hausarsu sai an kasa kunne. Wasu sun sauke littattafansu sun koma. Wasu malaminsu ya ba su 'ya, suka gina ɗaki a bayan gida, yau jikokinsu ne masu unguwa. Haka Unguwar Nufawa ta samu. Haka malaman Kona, masu danganta kansu da Borno, suka kafu har Limamin Kona ya zama ɗaya daga cikin mutum biyar masu zaɓen sarki, tare da Waziri da Fagaci da Makama Ƙarami da Limamin Juma'a. Ita ma Baba ta Karo, tsohuwar da Baturiya Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, wadda duniya ta ɗauka a matsayin madubin mace Bahaushiya, kakanninta Barebari ne.

Abin da ke mayar da baƙo ɗan gari a lokacin ba ɓoyayye ba ne: ya yi salla da mutane, ya ji Hausa, ya kama sana'a, ya yi aure, ya san gaban wanda zai faɗi ya yi gaisuwa. Hausar ta fi kowa ƙarfi, don har waɗanda suka ci garin da yaƙi ta cinye su. Kafin a je ko'ina Fulatanci ya ɓace a fada. Kanawa na yi mana dariya wai ba mu raba namiji da mace a magana, mu ce "mota na". To, harshen da Bagware da Banufe da Babarbare da Bafulatani suka taru suka koya a gari ɗaya, ai ba abin mamaki ba ne ya sauke wasu kaya a hanya.

Kada kuma a yi wa tarihin kwalliya. Ba kowa ne ya shigo ta Ƙofar Gayan da ƙafarsa yana so ba. Arzikin Zazzau a ƙarni na 19 ya dogara ƙwarai da bayi. Ana kai hari ƙasashen kudu, ana karɓar wasu a matsayin gaisuwa daga Keffi da Nasarawa da Jama'a, a zuba su a rumada suna noma wa masu sarauta. 'Ya'yansu cucanawa sun tashi da Hausa da Musulunci, 'yan matansu sun shiga manyan gidaje a matsayin ƙwaraƙwarai, sun haifi hakimai. A gidanmu an san mahaifiyar kakata daga can aka kawo ta, amma ba a faɗa sai da murya ƙasa-ƙasa. Mutanen kudancin Kaduna ba su manta da wannan ba, kuma duk mai son ya fahimci rikicin da ya faru a Zangon Kataf a 1992, daga nan ya kamata ya faro. Birnin ya haɗiye mutane, wasu da daɗi, wasu da tsiya.

Turawa da suka shigo a 1902, sai suka sauya tsarin saukar baƙi. Layin dogo ya iso a 1911, ya kawo Yarbawa da Ibo, akawuna da direbobi da masu kanti. Maimakon a kai su wurin mai unguwa ya ba su fili, sai aka yanka musu Sabon Gari kusa da tasha. 'Yan Arewa da ba 'yan gari ba aka ajiye su a Tudun Wada, daf da Ƙofar Doka. Likita Mila, ɗan mishan da ya zauna cikin birni tun 1905, shi ma a ƙarshe an mayar da mishan ɗinsa Wusasa wajen 1929. Gari ɗaya ya zama garuruwa, kowanne da irin mutanensa.

Abin da ya biyo baya yana da ban sha'awa. A wajen ganuwa aka yi wa Hausa hidimar da ta mayar da ita harshen Arewa baki ɗaya. Fassarar Littafi Mai Tsarki da Mila ya jagoranta ta fito a 1932. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, editanta Abubakar Imam, haifaffen Kagara. Yakubu Gowon, ɗan ƙabilar Angas daga Filato, a Wusasa ya girma, kafin ya mulki ƙasar nan daga 1966 zuwa 1975. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Samaru a 1962, ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta shi ne Ishaya Audu, Kirista mai Hausa a baki. Sai dai harshe shi kaɗai bai kare kowa ba a 1966, lokacin da Ibo suka tsere daga Sabon Gari, da yawansu kuwa Hausarsu ta fi ta wasunmu.

Yau takardar shaidar asali ce ta gaji aikin da Turawa suka fara. Na yi aikin koyarwa da wani Bayarabe wanda kakansa ya zo da jirgin ƙasa. A Sabon Gari aka haifi mahaifinsa, a nan aka haife shi, a nan ya binne iyayensa. Da ɗansa ya nemi gurbin karatu aka ce ya kawo takarda, sai aka tura shi wani gari a kudu inda ba wanda ya san fuskarsa. Shekarun zuriyarsa a Zariya sun wuce 100. Yamusa kuwa, mai asali daga Borno, shekara 13 kacal bayan cin birnin ya hau gadon sarauta.

Ba na cewa a rushe gidajen sarauta ko a raba wa kowa rawani. Maganar takarda nake yi, da makaranta, da aiki. Duk wanda aka haifa a Zariya, mahaifinsa ma a nan aka haife shi, ya kamata ƙaramar hukuma ta rubuta shi ɗan gari. Masu zaune a majalisar dokokin Kaduna su ne ke da ikon fara wannan gyara, kuma 'yan cikin birni ne ya fi dacewa su tura su.